Yadda za ka ɗaure gyaran rayuwarka a jikin salloli biyar

Duk bayan ƙaramar sallah, ko farkon shekara, za ka ji mutane na ta ɗaukar alwashi, wane zai rage tumbi, wance za ta koma islamiyya, wancan ya rantse ya bar kwana a TikTok. Kafin sati uku kowa ya koma gidan jiya. Kuma fa yawancinsu da gaske suke lokacin da suka faɗa, abin da ke kashe maganar shi ne ba a yanka mata lokaci ba. "Zan fara motsa jiki" ai ba ta da ƙarfe nawa, kullum ka tashi sai ka ce anjima, anjima ta zama gobe, gobe ta zama bayan albashi, shikenan an wuce wajen.

Toh mu dai Allah Ya hutar da mu neman jadawali. Sau biyar a rana ladan na kira, ko da wuta ko babu, ko wayarka na da caji ko ta mutu, kuma duk abin da kake yi kana ajiyewa ka tashi. Waɗannan lokutan guda biyar tamkar turaku ne da aka riga aka kafa maka a tsakar gida, naka kawai ka jawo halin da kake son koya ka ɗaure shi a jikin ɗaya. Maimakon "zan riƙa tafiyar ƙafa" sai maganar ta koma "ina gama azkar ɗin asuba zan bi ta bayan firamare in zagayo ta bakin titi in dawo gida". Ka ga wannan tana da lokaci, tana da hanya, ba sai ka tsaya shawara da zuciyarka ba kowace safiya. Wanda ba musulmi ba ma dabarar ɗaya ce, ya duba abin da ba ya tsallakewa a ranarsa, addu'ar safe ce, kai yara makaranta ne, buɗe shago ne, ya ɗaura a nan.

Sharaɗi ɗaya tak kafin mu shiga: kar ka cika turakun nan biyar a rana guda. Abu ɗaya za ka ɗauka, ƙarami, wanda ko ranar da ka tashi ba ka jin daɗi za ka iya yi. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya yanke wannan, aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kai ko da kaɗan ne. In ka tambaye ni da wanne za a fara, ni zan ce da isha'i, don duk sauran a kanta suke zaune.

Bayan isha'i

Bari mu yi lissafi. A Kano, Katsina, Zariya, Maraɗi ko Damagaram, asuba tana faɗowa tsakanin biyar saura zuwa shida saura kwata, ya danganta da lokacin shekara. Babban mutum kuma likitocin barci sun ce yana buƙatar awa 7 zuwa sama a kowane dare. Kenan in dai kana son ka tashi asuba da ƙarfinka, wajen ƙarfe 10 ya kamata a ce ka yi barci, ba ka kwanta kana latse-latse ba, ka yi barci. Yanzu ka dubi mutumin da sai ƙarfe ɗaya yake ajiye waya, awa huɗu ya samu, ya tashi ya yi sallah ido a rufe, in ba shi da wajen zuwa ya koma sai tara ko goma, in kuma yana da aiki haka zai ja jiki ya fita, ciwon kai, mantuwa, abu kaɗan ya hau mutane da faɗa, da rana ya ji ba abin da yake so sai lemo mai sanyi da wani abu mai zaƙi. In aka daɗe a haka kuma bincike ya nuna ƙarancin barci na da alaƙa da hawan jini da ciwon suga da ƙiba. Annabi (SAW) ya kasance ba ya son barci kafin isha'i, ba ya kuma son hira bayanta, wannan ma a Bukhari yake, kuma duk mun ji shi a wajen karatu, aiki da shi ne dai ya gagare mu.

Abu na farko, ka gano ina daren naka ke tafiya. Shiga saitin wayarka, in Android ce nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time, zai nuna maka awa nawa ka yi yau da kuma manhajar da ta cinye su. Kar ka yi gardama da shi, ba ya ƙarya. Da yawa in sun gani sai sun yi salati.

Na biyu, ka raba wayar da shimfiɗarka. Wannan shi ne duka sirrin wallahi, sauran duk ƙari ne. Ka zaɓi ƙarfe nawa ne naka, a ce tara da rabi, ka kashe data, ka kai ta caji can nesa inda sai ka miƙe tsaye kafin ka ɗauko. Kar ka kashe ta gaba ɗaya in kana da tsofaffi ko mara lafiya da za a iya kira saboda su, kira zai shigo ai, intanet ɗin ne matsalar. Masu cewa "da ita nake alam", ɗan agogon tebur na batir nawa yake a kasuwa, kuma mai masallaci a bayan gida me zai yi da alam. Sai kuma data ɗin dare mai arha ɗin nan da ake sayarwa, in akwai abin da za ka sauke, karatu ne ko fim, ka danna masa ka ajiye ka kwanta, ba sai ka zauna gadinsa ba.

Masu ƙwallo na san inda za ku ɓullo. Wasannin zakarun Turai da ƙarfe 8 ko 9 na dare agogon Najeriya da Nijar ake take su, kafin a tashi a gama musun waye ya ɓarar an doshi sha ɗaya ko an wuce. Ba zan ce ka bari ba don na san ba za ka bari ba. Ka kalli na ƙungiyarka kawai, ana hure tashi ka kama hanyar gida, musun ka bar shi sai gobe a majalisa, ba inda zai je. Dare ɗaya ko biyu a sati jiki zai iya ɗauka, kullum ne ba zai iya ba. Haka ita ma majalisar dare, zama da mutane abu ne mai kyau, mutum ba ya rayuwa shi kaɗai, amma ka zama wanda aka sani da tashi da wuri, kwana uku za su yi suna tsokanarka wai amarya ta kafa maka doka, daga nan su saba.

Sai shayi. Mutane da yawa suna kukan ba sa samun barci alhali ƙarfe tara suna teburin mai shayi ana haɗa masu kauri har da Nescafe, ko ana zagaye na uku na ataya, ko goro na baki. Dukkansu akwai kafeyin a ciki, sinadarin nan mai hana barci, su lemon ƙara kuzari na gwangwani da roba kuwa ba a magana. Shi kafeyin in ya shiga jiki yakan ɗauki wajen awa 5 kafin rabinsa ya fita, rabi fa, don haka wanda ka sha da magariba yana nan yana aiki har tsakar dare. Ka mayar da la'asar ta zama iyakarka, in kai mai saurin jin sa ne ma azahar. In bakinka ya saba da abu mai zafi da dare, a dafa maka citta da kanumfari da na'ana'a ba ganyen shayi. Tuwon dare ma a ci shi da wuri, tsakanin magariba da isha'i ko ana idar da isha'i, a bar awa biyu ko uku kafin kwanciya, musamman mai fama da ƙwannafi. Indomie biyu da ƙwai uku ƙarfe sha ɗaya na dare ba gata ba ne.

Na san akwai abin da ba a hannunka yake ba. Watan Maris zuwa Mayu ɗaki kamar tanda, ga sauro, ga wutar da ba a kawowa sai ƙarfe sha biyu, dole uwar gida ta tashi guga da tara ruwa. A nan sai dabara, a watsa ruwa kafin a kwanta, a ɗaura gidan sauro ko a tsakar gida ne in wajen na da tsaro, a jona kayan caji tun kafin a kwanta don in an kawo su kama da kansu. Mai jego, mai gadi, nas mai aikin dare, direban doguwar hanya, ku lissafinku daban ne, ku dai ku nemi inda za ku rama da rana ku kuma tsare shi kamar yadda kuke tsare lokacin aiki.

In ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kar ka yi ta juyi kana duba agogo, bayan kamar minti 20 ka tashi ka zauna a wuri mara haske sosai, ka yi tasbihi ko ka duba littafi, in ka ji ya fara fizgarka ka koma. Don Allah kar ka je kemis ka ce a ba ka maganin barci, irin su diazepam jiki na sabawa da su har ya zama ba su ba barci, kuma fita daga nan wahala ce babba. Wanda aka ce yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa ya dawo da firgita, ko wanda ya haura sati biyu ba barci ga baƙin ciki ga ba ya jin daɗin komai, wannan maganar asibiti ce, a je a ga likita, ana addu'a ana magani.

Bayan asuba

In dare ya gyaru, safiya kyauta za ta zo maka. Da sanyin safe ake kama fara. Akwai addu'ar da Annabi (SAW) ya yi ta neman albarka ga al'ummarsa a sammakonsu, sahabin da ya ruwaito ta, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura kayansa, kuma ya yi dukiya. Mu nan tafiyar ƙafa za mu ɗaura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati. In ka raba 150 ɗin, minti 30 ne sau biyar, kwana biyu ma hutu. Matsakaici kuma yana nufin tafiya da ɗan sauri, yadda za ka iya yi wa na kusa da kai magana amma in aka ce ka rera waƙa numfashi ba zai kai ba. Tafiyar rangwaɗa ana gaisawa da kowa a ƙofar gida ba ta cika shiga lissafi ba. Ba sai ka sayi kayan 'yan ƙwallo ba, jallabiyarka ta isa, takalmi dai ya zama wanda ba zai ji maka ciwo ba. Ka fara da minti 10, biyar zuwa biyar dawowa, sati na gaba ka ƙara biyar, a haka har ka kai talatin. Masu farawa da gudun kilomita biyar ranar farko su ne ake gani rana ta uku suna ɗingishi suna cewa abin ba nasu ba ne. Ka samu aboki ɗaya a sahun masallacinku ku riƙa fita tare, ranar da lalaci ya kama ka kunyar sa za ta fito da kai. In unguwarku ba ta da tsaro da duhu ka bari gari ya waye tukuna, da hunturu kuma in ƙura ta yi yawa a sa takunkumi, mai asma ya yi nasa a cikin gida.

Wannan maganar ta fi shafar masu zama, ma'aikacin ofis, tela, mai shago a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da ke wuni a kan benci, ɗan adaidaita, ɗalibi. Manomi da ɗan garuwa da ɗan dako su sun wuce 300 ɗin tun ranar Talata, abin da jikinsu ke nema hutu ne da ruwa da abinci mai kyau.

Hajiya ke ma da ke ake. In fita ba ta yiwuwa, tsakar gida ta isa, ki zagaya ta da sauri minti goma kafin yara su tashi, ko ki hau matakala ki sauka, ko ki yi tsalle da igiya in gwiwa lafiya. Shara da daka da wanki da ɗibar ruwa duk motsa jiki ne na gaske, matsalar tana wajen wadda 'yan aiki suka ɗauke mata komai, daga gado sai kujera sai waya. Ranakun da ba kya sallah ma kiran ai kina ji, lokacin bai canza ba. Mai ciki, da mai ciwon zuciya, da duk wanda in ya yi tafiya yake jin ƙirji na riƙewa ko jiri, a tambayi likita kafin a fara.

Azahar da la'asar

Azahar ba ta son dogon bayani. In da hali a ɗan kishingiɗa minti 20 zuwa 30, kar a zarce, don in ka yi awa biyu za ka tashi jiki a mace kuma daren ya lalace. A sha ruwa, ka duba fitsarinka, in ya yi ruwan ɗorawa sosai ruwa bai ishe ka ba.

Abincin rana ne nake son mu ɗan tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniyar nan dai ta ce gishirin da mutum zai ci a yini kar ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka-duka har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Mu kuwa tukunya ɗaya a zuba gishiri, a marmasa dunƙulen magi huɗu ko biyar wanda shi ma babban kasonsa gishirin ne, a sa kanwa wadda ita ma sinadarin sodiyam ɗin da ke cikin gishiri ne a cikinta, in an zuba a faranti kuma a bi da yaji mai magi. Kar a cire rana ɗaya, maigida zai ce an canza masa hannu, a rage dunƙule ɗaya wannan satin, bayan sati biyu a sake rage ɗaya, a ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa, harshe na sabawa. Suga kuma an ce kar ta wuce kamar giram 50 a yini, in an tsaya a 25 ya fi, wato cokalin shayi shida kenan. Juya robar lemon da ke hannunka ka karanta, da yawansu akwai wajen giram 10 a kowane mililita 100, kenan roba ɗaya ta rabin lita ta cinye maka kason yinin gaba ɗaya, ba a zo kan shayin safe da kunu da zoɓo da furar da aka zuba wa suga ba. Ga zogale, ga rama, ga wake, ga yakuwa, ga kuka da kuɓewa, duk a ƙofar gida kuma sun fi kayan gwangwani arha.

La'asar ita na ware wa kai, wato ilimi. Nan ma lissafin mai sauƙi ne. Alƙur'ani bugun Madina shafi 604 ne, in kana karanta shafi biyu bayan kowace sallah, shafi goma kenan a rana, kusan izu ɗaya, wata biyu ka sauke. In shafi biyar kawai za ka iya bayan la'asar, wata huɗu. Haka littafin boko ko na sana'a, shafi biyar kullum shafi 150 ne a wata. Mai son koyon ɗinki, gyaran waya, haɗa sola, Turanci, Larabci ko kwamfuta, minti 30 bayan la'asar a wajen mai koyarwa ko a YouTube, abu ɗaya tak har sai hannu ya faɗa, kar yau kana kirifto gobe kana kiwon kaji jibi kana zanen hoto. Wanda kasuwarsa ke ci da la'asar ya mayar da karatun bayan asuba ko magariba, ba wahayi ba ne.

Tsakanin magariba da isha'i

Ɗan lokacin nan bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, kuma ni a ganina na iyali ne. Ka shiga gida, wayar na aljihu, ka zauna a tabarma a ci abinci tare, ka tambayi yaro me aka koya masa yau ka kuma tsaya ka ji amsar. Akwai magidanta da yawa da 'ya'yansu ba su san su ba sai a matsayin mai ba da kuɗin makaranta da mai tsawa. In ba ka da iyali tukuna, ka leƙa wajen Inna ko Baba, in suna nesa ka kira, kira na murya ba saƙon "Juma'at Mubarak" da aka turo maka ka tura wa mutum ɗari ba. Ka sa wa kanka ko mutum ɗaya a sati cikin dangi, gwaggo, kawu, tsohon malaminka, abokin da ya kwanta rashin lafiya. Yawancin ƙuncin da mutane ke ji su rasa daga ina yake, in ka bi diddigi za ka tarar sun daɗe ba su zauna da wanda ya damu da su an yi hira ido da ido ba.

Yadda za ka san kana tafiya

Samo kalandar bango, irin wadda ake rabawa kyauta, duk ranar da ka cika ka ja mata layi da biro. A takarda fa, kar ka ce manhaja za ka sauke, ka koma wa wayar kenan. Ranar da ka fasa, biki ne, rasuwa ce, zazzaɓi ne, tafiya ce, ba komai, amma ka yi ƙoƙari kar ta zama kwana biyu a jere, ko minti biyar ne ka yi washegari don igiyar kar ta tsinke. Kar ka ƙara hali na biyu sai na farkon ya kai matsayin da in ba ka yi ba kake jin wani iri, wani wata ɗaya ya ishe shi, wani sai ya yi biyu ko uku, ba gasa ake ba.

Kafin ka fara kuma ka tsaya a asibitin sha-ka-tafi ko wani kemis mai na'ura a auna maka jini. Sama da mutum biliyan ɗaya ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su ma san suna da shi ba, don ba ya ciwo sai ya yi ɓarna, sai dai a ji wane ya faɗi a banɗaki ɓarin jiki ya shanye. Ka zauna ka huta minti biyar kafin a auna, ka rubuta lambar da kwanan wata a bayan kalandar nan. In ta kai 140 bisa 90 ko ta wuce, a sake aunawa wata rana, in ta maimaita ka ga likita. Wanda ya haura shekara 40, ko akwai ciwon suga a gidansu, ya haɗa da awon suga da safe kafin ya karya. Wanda kuma aka riga aka ɗora a kan magani, tafiyar asuba da rage magi ba su ba ka izinin ajiye shi ba, ko ka ga lambar ta sauko ka ci gaba da sha, ka kai wa likitan kalandar taka in ka koma, shi zai ce a rage ko a bari yadda yake.